Daga Kaduna Zuwa Ibadan Kan Sawun Andrew Foster

Mun tashi daga tashar Television ta Kaduna da sassafen Juma'a, cikin sanyin farkon Disamba, a bas mai kujera 18. Kowa ya biya naira 33,000 ban da kuɗin kaya. 'Yan ayarin duk kurame ne daga majami'armu, maza da mata, sai ni tafinta, mai ji guda a tsakaninsu. Ibadan muka nufa, inda wata majami'ar kurame ta shirya sujadar tunawa da Andrew Foster, kurman nan Ba'amurke baƙar fata da ya rasu a hatsarin jirgin sama a Ruwanda ranar 3 ga Disamba, 1987. Kusan duk kurman da ya yi boko a ƙasar nan, Kirista ne ko Musulmi, in ka bi salsalar alamun da yake yi da hannunsa, wajen mutumin nan za ta kai ka.

Tafiya da kurame tana da shirinta, kuma a tasha ake gama shi. Wanda ke kujerar gaba ba ya ganin hannun na baya, saboda haka muka roƙi ɗan kamasho ya ba mu layuka a jere, tafinta kuma ya zauna bakin ƙofa, inda jami'in shinge ke fara leƙowa. Direba ma sai an gaya masa a fili cewa hon ɗinsa ba ya kiran fasinjojin nan. In an tsaya cin abinci ko kewayawa, a ƙidaya kai kafin a tada mota. Muka haɗa mutane biyu-biyu, kowa ya san wanda zai nemo. Katin shaida kuwa a aljihun gaban riga ake sa shi, tare da 'yar takarda mai ɗauke da “ni kurma ne” da Hausa da Turanci. Mutumin da bai amsa tambaya ba, kuma ya zura hannu cikin jaka a gaban mai bindiga, ya jefa kansa cikin haɗari ba tare da ya sani ba.

Direba ya ce ba zai bi Birnin Gwari ba, babu kuma wanda ya yi masa musu. Muka bi titin Abuja har Suleja, muka karya ta Lambata. Daga nan zuwa Lapai, Agaie da Bidda tireloli da tankoki ne ke mulki, ramuka kuma sun sa hira ta yi wuya, don hannun da ke riƙe da kujera ba ya magana. A Bidda muka ci shinkafa da miya da nama ɗaya, kwano naira 2,500.

Bayan Makwa, dab da magariba, muka iso wani shinge aka ce kowa ya sauka. Wani saurayi cikinmu ya sauka ya nufi bakin daji zai kewaya, ya ba jami'in baya. Jami'in ya ce ya tsaya, ya sake faɗa da ƙarfi, saurayi na ta tafiyarsa. Sai na ga ya sauke bindiga daga kafaɗa. Na ce, “Yallaɓai, kurma ne, ba ya jin ka.” Abokin tafiyarsa ya ruga ya sha gabansa ya juyo da shi. Jami'in ya dalle masa tocila a ido yana ta tambaya da murya sama.

Kuskuren nan kullum ake yin sa. Kurma da ido yake ji, in ka haske masa ido ka toshe hanyar da ta rage masa. Tocilar kan fuskar mai magana ya kamata ta sauka, ko kan takarda. Ɗaga murya kuma yana murguɗa baki ne, ya ƙara ɓata abin da za a iya karantawa a leɓe, wanda dama kaɗan ne: “baba” da “mama” kamanninsu ɗaya a leɓe, k da ƙ da g can cikin baki ake yin su, karin sauti kuwa ba a ganinsa sam. Da jami'in ya karanta takardar, sai ya zagaya bayan saurayin ya tafa hannu don ya gwada shi. Wannan gwaji ba ya tabbatar da komai. Kurumta hawa-hawa ce. Wani yana jin ƙara mai ƙarfi amma ba ya rarrabe kalma, wani iskar tafin ce ke taɓa masa wuya ya waiga. Saurayin bai waiga ba, aka sallame mu, amma da ya waiga da an kira shi maƙaryaci.

Mun haye gadar Jebba duhu ya fara. Fitilar cikin mota ta zama abin jayayya: direba ya ce tana kashe masa ido, mutanenmu kuma in an kashe ta an rufe musu baki. Aka daidaita a kan hasken waya, a riƙe shi ƙasa-ƙasa yana haska ƙirji da fuskar mai magana. Da muka isa Ilori direba ya ce ba zai shiga hanyar Ogbomosho da dare ba, muka kama ɗakuna a wani masauki kusa da tasha, ɗaki naira 12,000, mutum biyu-biyu. A masauki ƙwanƙwasa ƙofa aikin banza ne. Abin da ake yi, a karɓi makulli na biyu a ba wanda aka yarda da shi, kowa kuma ya sa waya a kan girgiza ya tura ta ƙarƙashin matashi. A kuma gaya wa mai gadi ɗakunan da kurame suke, don in gobara ta tashi ihu ba zai tashe su ba.

Washegari muka ratsa Ogbomosho muka shiga Oyo, inda Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta horar da malaman masu buƙata ta musamman take, wadda aka buɗe a 1977. Malaman kurame da tafintoci da yawa na Arewa a can suka yi karatu, har wasu cikinmu suka miƙe a kujera suna nuna hanyar makarantarsu. Kafin azahar muna Ojoo, a mashigar Ibadan. Muka rarrabu cikin ƙananan tasin nan na Micra zuwa Mokola, inda masu masaukinmu suka tanadar mana ɗakuna, aka kawo amala da gbegiri da ewedu. Barkonon ya sa wasu hawaye, amma ba a bar komai a kwano ba.

Da yamma Baba, dattijon majami'armu, ya ce mu taka zuwa Sabo, unguwar Hausawa, ba ta da nisa. A teburin wani mai shayi muka tarar da kurame uku 'yan Arewa, ɗaya mai gyaran takalmi, biyu masu dako. Matasanmu suka fara yi musu alamun makaranta suna harhaɗa sunaye da yatsu, mutanen suka yi kasaƙe. Baba, wanda ya tashi a Kano, ya matsa ya sauya hannu zuwa Maganar Hannu, nan take hira ta ɓarke: garin da kowa ya fito, kuɗin haya, wanda ya yi aure, wanda ya koma gida. Mai shayin ma, mai ji ne, yana tsoma baki da hannunsa. Matasan da suka gama sakandare suka koma 'yan kallo, ni ma rabin zancen ya wuce ni. Maganar Hannu harshe ne cikakke da kuramen ƙasar Hausa suka gada tun kafin a buɗe makarantar kurame ko ɗaya. Kano har Sarkin Bebaye gare ta, kuma wata Bajamushiya mai bincike, Constanze Schmaling, ta zauna a can ta rubuta littafi a kan harshen, ya fito a 2000. Amma yaron da ya shiga makaranta, ko ta Tudun Maliki ce da aka buɗe a Kano a 1977, alamun da suka samo asali daga Amurka ake koya masa.

Ranar Lahadi mun isa majami'ar da wuri, na samu damar duba ɗakin kafin ya cika, kuma ɗakin kansa darasi ne. Ba a jera kujeru layi-layi ba, an lanƙwasa su rabin da'ira, kowace kujera ta baya tana daidai tsakanin biyu na gaba, yadda mutum zai ga mai wa'azi ya kuma ga wanda ya ɗaga hannu a ɗaya gefen. Dandamalin ya kai kamar rabin mita, ba ƙasa da haka ba, don a ga mai magana daga ƙugu zuwa sama da kai, iyakar filin da hannu ke yawo. Bayansa labule ne shuɗi mai duhu, babu zane babu rubutu, babu taga. Taga a bayan mai magana ita ce babbar ɓarna: haske ya fito ta bayansa, fuskarsa ta zama inuwa, alhali gira da baki da kumatu su ke nuna ko tambaya ake yi, ko musu, ko umarni. Fitilu biyu suna gaba, sama kaɗan, suna haskowa daga dama da hagu don kada hannu ya yi wa fuska inuwa. An ajiye fitilu masu caji guda huɗu a gefe saboda ɗaukewar wuta. Babu mumbari mai tsawo da zai ɓoye hannu, sai ɗan teburi a gefe da aka ɗora Littafi Mai Tsarki a buɗe. Faston ya sa riga ruwan madara marar ado, don baƙin hannu a kan riga mai duhu ko atamfa mai zane yana gajiyar da ido cikin 'yan mintoci.

Da lokaci ya yi, wani ya kashe fitilar ɗaki ya kunna sau biyu, kowa ya juyo. Da babbar ganga aka yi waƙa, ana jin dukanta a ƙirji da tafin ƙafa, mai ba da waƙa tana gaba jama'a na bin hannunta. Addu'a ido buɗe ake yin ta. An karanta Ishaya 29:18, ayar da ke cewa wata rana kurame za su ji maganar littafin, kuma na lura faston yana sauke hannu ya jira duk lokacin da jama'a suka sunkuya duba ayar, sai kawuna sun ɗago ya ci gaba. Mai ji yana iya karatu yana saurare, kurma dole ya zaɓi ɗaya. Fastoci masu ji da ke gayyatar kurame sujada nan suke yawan faɗuwa, su ce a buɗe aya kaza su wuce da magana, tafinta na ta yi wa ƙeyoyi fassara.

A hanya ni ne bakin ayari. A ɗakin nan kuwa babu kurman da ke buƙatata. Faston kurma ne, ma'aji kurma, masu karɓar baiko kurame, mai ɗaukar bidiyo kurma. An zaunar da mu tafintoci a layin gaba muna fuskantar dandamali, da makirufo, saboda baƙi masu ji, galibi iyaye da surukai. Mu biyu ne muna karɓar juna duk minti 20, don bayan haka ƙwaƙwalwa kan fara zubar da zance ba tare da mai fassarar ya lura ba.

Wata malama kurma ce ta ba da tarihin, da hotuna a bango. An haifi Foster ranar 27 ga Yuni, 1925, a Ensley, jihar Alabama, a zamanin da doka ta raba baƙi da farare har a makarantar kurame. Sanƙarau ne ya kurmantar da shi yana ɗan shekara 11. Da ta yi alamar ciwon, taurin wuya, sai na ga kawunan 'yan ayarinmu suna gyaɗawa, don da yawansu ta wannan ƙofa suka shigo. Annobar 1996 kaɗai ta kama sama da mutum 100,000 a Arewa, ta kashe sama da 11,000, cikin waɗanda suka tashi kuma akwai ɗimbin yara da suka bar jinsu a gadon asibiti. Yaron da ya kurmance a shekara 11 ya riga ya mallaki harshe, abin da yake buƙata hanyar ci gaba da karatu. Wanda aka haifa kurma, ko ya kurmance kafin ya fara magana, in ba a ba shi harshen hannu da wuri ba sai ya kai shekarun shiga makaranta ba shi da harshe ko ɗaya, kuma wannan giɓi da wuya yake cikewa. Shi ya sa duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a gwada jinsa cikin makonnin farko, kada a jira a ga ko zai dawo.

Foster ya yi makarantar kurame baƙaƙe a Talladega, ya koma Detroit yana aiki yana karatu, ya shiga Gallaudet, kwalejin kurame da ke Washington, a 1951. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a can, ya ƙara digiri na biyu har guda biyu cikin shekaru biyu. Ƙungiyoyin mishan da ya nema su turo shi Afirka suka ƙi shi saboda launin fatarsa, sai ya kafa tasa a 1956, wadda aka sani yau da Christian Mission for the Deaf. A 1957, shekarar da Gana ta samu 'yanci, ya buɗe aji a unguwar Osu ta Akara, a ɗakin makaranta na aro, daga baya makarantar ta koma Mampong. A 1960 ya buɗe ta Ibadan, Kaduna da Inugu suka biyo baya a farkon shekarun 1960. A 1961 ya auri Berta, Bajamushiya kurma da ya haɗu da ita a taron kurame na duniya a Jamus, aka ɗaura auren a Najeriya, suka haifi 'ya'ya biyar. Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa a 1970. Kafin rasuwarsa ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13, har da Kwaddibuwa, Togo, Chadi, Kamaru, Sanagal da Zayar. Yana kan hanyar Kenya ne a ƙaramin jirgi lokacin da ya faɗi, yana da shekara 62.

Adadin makarantun ake yawan ambata, amma ni a ganina dabararsa ta fi adadin. Ba ya buɗe makaranta ya zauna a kanta. Yakan nemo kurame masu ƙwazo ya koyar da su, ya ɗora su a gaban aji, ya tura wasu Gallaudet, shi kuma ya wuce gari na gaba. Ibadan ce ta zama cibiyar horon, har daga ƙasashen rainon Faransa ake turo mutane su yi kwas su koma su buɗe makarantu a gida. Dalilin ke nan da kurman Kaduna zai haɗu da na Abijan ko Injamena su fahimci juna da yawa, alhali ɗaya Turanci yake rubutawa ɗaya Faransanci. Wani tsoho da ya yi makarantar Ibadan ya hau dandamali ya ce abin da ya sa mahaifinsa ya yarda ya sake shi, ganin kurma baligi mai karatu da rubutu yana shugabantar masu ji. Da ya gama aka ɗaga hannuwa sama ana kaɗawa, tafin kurame ke nan.

Wajen cin abinci Baba ya tada zancen Sabo. Ya ce da faston, cikin ladabi, alherin Foster ba abin musu ba ne, amma alamun da ya kawo sun zo da daraja irin ta boko, har yaran makaranta suna yi wa Maganar Hannu kallon abin jahilai, suna kuma jera alamu bisa tsarin jimlar Turanci, abin da ke sa zance ya yi nauyi. Wani malami ya amsa cewa ba don harshe ɗaya na makaranta ba, da kuramen Najeriya ba su haɗu sun kafa ƙungiya ta ƙasa ba, balle su sa baki a fafutukar da ta kai ga dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Janairun 2019. Duka biyun gaskiya suka faɗa, sai dai na fi karkata ga Baba a abu guda: majami'a ko masallacin da ke son isa ga kurman kasuwa da na ƙauye a Arewa, tafintan da ya iya alamun makaranta kaɗai ba zai kai shi ba. Hanyar da ke aiki ita ce a haɗa mutum biyu, mai ji ya fassara zuwa alamun makaranta, kurma irin Baba ya karɓa ya mayar Maganar Hannu. Yana cin lokaci, sai mai wa'azi ya rage gudu ya gajarta jimla.

Ranar Litinin da safe muka biya ta Onireke, inda cibiyar mishan ɗin take, aka ɗauki hotuna a bakin ƙofa, muka wuce tasha. Kuɗin komawa ya hau zuwa naira 35,000, an ce Kirsimeti ya matso. Wata tanka da ta faɗi kusa da Agaie ta tsayar da mu har rana ta yi sanyi, kuma a wannan zaman jira ne Mama shugabar zumuntar mata ta fito da littafinta, ita da Baba suka shiga lissafin ɗakin sujadarmu: labule yadi 10, fitilu biyu na gaba, masu caji huɗu, kafinta ya ƙara wa dandamali tsawo. Dandamalin namu yana jikin bangon gabas, taga biyu a bayansa, sujadarmu kuma ta safe ce, saboda haka aka yanke a mayar da shi bangon arewa. Ginshiƙin da ke tsakiyar ɗakin, wanda ke tare wa kujeru shida gani, shi ne ba a samo masa dabara ba, don ginin na haya ne. Mama ta ce a kwashe kujerun shida a ajiye ganga a wurin, Baba ya ce sai an gwada a gani ko na baya za su ji dukanta daga can.